Ni na sa wa Hauwa albarka a kan azumin nan

Yau Alhamis. Ciwon gwiwa ya ɗan sassauta.

Ina alwalar azahar Bello, mijin 'yata Hauwa, ya kira ni daga asibiti. Tun jiya take amai a gidansu na Yelwa, tana numfashi sama-sama, bakinta yana wari kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Sun ɗauka maleriya ce.

"Baba, likita ya ce jininta ne ya yi tsami. Ketoacidosis suke ce masa, yakan kama masu ciwon suga."

"Bello, ai Hauwa ba ta da suga."

"Na gaya masa, Baba. Ya ce allurar rage ƙibar nan da take yi ce ta kashe mata yunwa. Jiki ya rasa abinci, ya koma cin kitsensa har guba ta taru a jini."

Tun da ta fara allurar ta ɗora azumin Litinin da Alhamis a kai, tunda ba ta jin yunwa. Da ruwa da dabino ɗaya take buɗa baki, sahur kuwa babu. Ni da bakina na yaba mata, na sa mata albarka. Ban taɓa tambayarta ko likita ya sani ba.

Jama'a, wanda ya taɓa ganin irin wannan ya gaya mini gaskiya: ana tashi?

Bello ya ce zai zo da keke napep bayan la'asar ya kai ni in gan ta. Na sa hula, na zauna a ƙofar gida. Ga shi ana kiran magariba, bai zo ba, wayarsa kuma a kashe.