Sunan da ya raɗa mata a kunne

Malam Isiyaku ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ina goge takalmi zan tafi makaranta. Firinsifal ne ya kira. Na ce masa wane Isiyakun? Kamar muna da biyu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dawowarsa ke nan daga sallar asuba ya ce wa iyalinsa ƙirjinsa ya riƙe. Kafin a samo abin hawa a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Da hantsi muka kai shi makwancinsa. Har yanzu ƙasar maƙabarta tana ƙafar wandona, na kasa tashi in canza.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin lissafi ne a sakandaren da nake koyarwa a nan Azare. Shekara tara teburinmu ɗaya a ofishin malamai.

Lokacin da aka turo ni daga Jama'are ban san kowa ba a garin nan. Ya gan ni da jaka a gindin darbejiya bayan an tashi, ya ce, "Malam, ina za ka kwana?" Na ce ina dai dubawa. Ya ce, "To hau mashin, ka ci gaba da dubawar daga gidana." Wata biyu na yi a ɗakin zaurensa.

Mashin ɗin nan kuwa sai an tura yake tashi. Na sha ce masa ladan turin da na yi ya biya kuɗin haya har da canji.

Shekarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo, shi ya yi makin takardun jarrabawar ɗalibaina gaba ɗaya, alhali ba darasinsa ba ne. Sai da na dawo na tarar da su a ɗaure cikin durowa. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Kuma ban taɓa jin ya ce wa ɗalibi "kai" ko "ke" ba. Aji mai mutum saba'in, sati biyu ya haddace sunayensu. Yakan ce, "Yaro in ka kira shi da sunansa, ya san ka gan shi."

To ga abin da ya hana ni zama tun da muka dawo daga maƙabarta.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce matarsa Bilkisu ta haihu. Mace, bayan maza uku. Ya daɗe yana jiran 'ya mace, duk ofis mun sani.

Ranar Litinin ya leƙo makaranta. Aka yi masa barka, kowa ya tafi aji, saura ni da shi. Ya jawo kujera kusa da ni, ya ce, "Malam Nura, shawara nake nema. Kiran salla na yi mata a kunne tun a asibiti, amma sunan ban raɗa ba tukuna."

Na ce me ya tsayar da kai?

Ya ce Bilkisu Ilham take so, kuma ta sha wuya a haihuwar nan, ba ya son ya hana ta. Shi kuma akwai sunan da ya shekara da shekaru yana ajiye da shi.

Na ce faɗi mu ji.

Ya ce, "Sahura."

Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya jiran kaina. Na ƙyalƙyale da dariya har da dukan tebur. Na ce, "Haba Malam! Jaririya aka haifa maka ko kaka? Ai sai a haɗa mata da sandar dogarawa da ƙullin goro a bakin zani." Na ce ya tuna ranar da za a kira rajista a aji, wannan Amira, wannan Ihsan, sai a ce Sahura Isiyaku, 'yan aji su waiwaya suna neman tsohuwar da ta shigo.

Ya yi murmushi. Ya bari sai da na gama.

Sannan ya ce sunan gwaggonsa ne, yayar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi a wani ƙauye can wajen Katagum bayan rasuwar mahaifiyarsa. Da damina in ruwa ya cika hanya, ita ke goya shi ta tsallakar da shi zuwa firamare, allonsa da littafinsa a kanta. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta rasu babu wanda ya yi mata takwara a duk danginsu.

Ya ce, "In ban sa ba, Malam Nura, shi ke nan sunan ya tafi. Ba wanda zai ƙara kiransa a gidanmu."

Nan ya kamata in yi shiru. Ban yi ba. Na ce Allah ya jiƙan gwaggo, amma ita ta gama zamaninta, yarinyar ce za ta yi yawo da sunan har tsufanta, kada ya biya alherin wata da kunyar wata.

Ya daɗe yana juya makullin mashin a hannu. Ya ce, "Ka kawo magana." Aka buga ƙararrawa, na ɗauki alli na fita.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Jiya Laraba ya turo mini saƙon gayyatar suna a waya. Na mayar masa da "A gaida Hajiya kaka," har da fuskar nan mai dariya da hawaye. Ya karanta. Bai ba ni amsa ba. Yau na buɗe saƙon ya fi sau ashirin.

Bayan la'asar muna zaman makoki a ƙofar gida, Baffansa, ƙanin mahaifinsa, ya yafito ni gefe. Ya ce, "Malam, an ce kai ne amininsa. Jibi suna. Taro dai babu, amma rago yana ɗaure za a yanka, kuma ba a yanka babu suna. Me ya ce maka ya sa wa yarinyar?"

Ashe yammacin Litinin ɗin nan da ya koma gida ya karɓi jaririyar, ya fita da ita tsakar gida, ya yi mata huɗuba, ya raɗa mata sunan a kunne. Bilkisu ta tambaye shi, ya yi dariya ya ce, "Ranar suna kya ji tare da kowa." Bai faɗa wa Baffa ba. Bai faɗa wa liman ba. Bai rubuta ko'ina ba, an duba wayarsa an duba aljihunsa.

Wanda ya faɗa ya tafi. Wadda ta ji kwananta biyar a duniya.

Na ce wa Baffa ya ba ni zuwa gobe.

Maiɗakina tana ciki wajen mata. Da ta fito ta ce Bilkisu ta ba ta saƙo: "Ki ce wa Malam Nura don Allah kada ya duba ni. Ni yanzu ba Ilham nake nema ba, wanda ya sa nake nema. Ko Sahurar da ya daɗe yana ambata mini ce, ina so."

Wallahi da zagina ta aiko da shi da ya fi mini sauƙi.

In na ce Sahura, wataƙila dariyata ta riga ta karya masa gwiwa, ya sa Ilham don ya faranta wa matarsa, ni kuma in ƙwace mata kyautar ƙarshe da mijinta ya yi mata. In na ce Ilham, wataƙila ya tsaya a kan gwaggonsa duk da surutuna, in zama na goge sunan baiwar Allah nan sau biyu, ranar Litinin da baki, ranar Asabar da rago.

Wani malami a wajen makokin ya ce babu laifi, dangi su zaɓa wa yarinyar duk suna mai kyau. Na san haka. Ba hukuncin ne ya dame ni ba.

Kafin mu taho na roƙa aka fito mini da jaririyar zaure. Na karɓe ta, na tsura wa ɗan kunnenta na dama ido. Ba zan ɓoye muku wautata ba: na sunkuya na kira sunayen biyu a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ko za ta motsa. Barcinta kawai take yi.

Shawara ya zo nema wajena, ba wajen kowa ba. Da na rufe bakina minti biyu na saurare shi, da ni zai fara kira ya faɗa wa abin da ya yanke. Na san shi.

Gobe in Allah ya kai mu zan je in zauna gaban Baffa, a kira Bilkisu ta tsaya daga bayan labule, in faɗa musu duk yadda muka yi. Labarin goyon damina, da juya makulli, da dariyar tawa, ba zan rage komai ba. Iyakar abin da nake da shi ke nan. Sunan kam ban sani ba.

Ya Allah ka jiƙan Malam Isiyaku, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka sada shi da gwaggonsa a Aljanna. Ka ba Bilkisu da yaransa haƙuri. Ni kuma ka yafe mini abin da bakina ya jawo, tunda wanda zan roƙa ba ya nan.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce. Ku sa jaririyar ma a ciki. Ba ni da sunan da zan ba ku, ku ce 'yar Malam Isiyaku kawai. Allah ya ji abin da ubanta ya raɗa mata.