Rediyon Baba a Reshen Ɗorawa

Jiya talabijin ta nuna fim ɗin da aka yi daga littafina kan Baba da son ƙwallo. Sun sa wani yana birgima a ƙasa don an ci, maƙwabta suna ta dariya.

Baba bai taɓa birgima ba. A gonarmu ta Ƙarfi yakan rataye rediyo a reshen ɗorawa, muna tsinkar auduga. Ranar da ƙungiyarsa ta ɗauki kofi, hula kawai ya cire, ya share zufa, ya ce, “Madalla. Ku koma bakin aiki.”

Da hannuna na ba su littafin. Yanzu yaran Malumfashi mai birgimar nan suka sani.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ka yafe mini.