Ƙusar da ke Riƙe da Birki

Motar kakana ta fi shekara goma a ajiye a bayan gidanmu a Makera, kaji na kwana a cikinta. Shekarar da dogon yajin aiki ya dawo da ni gida daga jami'a, Baba ya ce zai tashe ta. Ya kira abokinsa, wani dattijo ɗan kudancin Kaduna mazaunin Romi, wanda suka yi aiki tare a masaƙa kafin ta rufe. Baba Makanike muke ce masa.

Ni aikina riƙe littafi. Duk abin da aka kwance sai in zana shi, in rubuta inda ya fito, in jefa shi a gwangwanin madara, in rubuta sunansa a jikin gwangwanin. Baba Makanike yakan tsokane ni: "Malama, rubuta da kyau, gobe motar za ta zauna jarrabawa."

Fedar kuloci da ta birki a sanda ɗaya suke rataye, ƙarƙashin sitiyari. Abin da ke hana sandar zamewa wani ɗan fin ne mai ƙafa biyu, a zura shi a huda a buɗe ƙafafun. Na asalin tsatsa ta cinye shi. Na rubuta: a sayo sabo.

Ba a sayo ba. Ranar da aka mayar da fedojin ina tsugune a bakin ƙofar motar, na ga Baba Makanike ya tsinci ƙusa a ƙasa, ya zura a hudar, ya ɗan lanƙwasa bakinta da filaya. Siririya ce, tana wasa a ciki.

"Alhaji, taka ka ji," ya ce.

Baba ya taka, birki ya kama, suka tafa.

Na rufe littafina. A gidanmu yaro ba ya gyara wa babba aiki, balle mutumin da ya taɓa ɓoye Baba a ɗakinsa kwana biyu lokacin da gari ya rikice. Amma ranar Asabar Baba zai kai Mama da ƙannena biki Tudun Wada a motar. Kwana uku ina riƙe da littattafan karatuna ba na ganin komai sai gangaren gadar da za su bi, da ƙafar Baba tana neman birki. Na buɗe shafin zanen fin ɗin na ajiye a kan tabarmar Baba. Ya ɗora kofin shayi a kai.

Asabar da safe maƙwabta suka taru ganin mota. Baba Makanike ya zo cikin kayan fita, ana ta yi masa barka. Mama ta shiga baya da yara. Da na ji injin ya tashi, muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Baba, ƙusa ce ke riƙe da birkin!"

Kowa ya juyo ya kalle ni. Baba ya kashe mota. Baba Makanike ya durƙusa da farar rigarsa, ya miƙa hannu ƙarƙashin sitiyari. Da yatsu biyu ya zaro ƙusar, ko filaya bai nema ba. Ya jima yana kallonta.

Bai aiki kowa ba. Da kansa ya taka zuwa Kakuri ya dawo da fin, ya saka, ya buɗe ƙafafun, sannan ya matsa gefe.

"Malama, zo ki duba. Rubuta."

Wannan karon bai yi dariya ba. Mama ta ce ya tsaya ya karya, ya ce ya ƙoshi.

An je biki an dawo lafiya. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Suna gaisawa a waya da salla da Kirsimeti, amma Baba Makanike bai sake zama a bencin ƙofar gidanmu ba.

A cikin kwana ukun nan kafin Asabar, sau biyu na kai wa Baba Makanike ruwa yana shi kaɗai a gindin motar. Da na faɗa masa a lokacin, ba wanda zai ji. Ƙusar tana nan a gwangwanin madara, ban rubuta komai a jikinsa ba.