Rabin Awar Gwamnati a Hanyar Salaga

Na bar unguwarmu Alabar a Kumasi kafin kiran assalatu, ranar farko ta shekarar Turawa, da huhun goro da turmin atamfa. Hadiza ta haifa mini ɗan fari a gidansu a Salaga, gobe da hantsi za a raɗa suna. In na rasa jirgin fito na ƙarshe a Yeji, na ƙarfe shida, sai a yi babu ni.

KUMASI ZUWA EJURA

Lori bai cika ba sai bakwai da rabi. Na zauna gaba kusa da direba, Baba Seidu. Muna hawan tudun Mampong hira ta faɗa kan rabin awar da gwamnati ke tura agogo gaba a watannin ƙarshen shekara. An ji wasu manya na son a bar shi haka har abada.

"Da sun kyauta," na ce. "Da wannan hasken nake tasowa daga ofis in iske Hadiza tana shanya, rana na kan kumatunta."

"Kai, akawu! Ni ina tada mota cikin duhu saboda kumatun matarka? Rana nake bi, ba ta karɓar oda daga gwamnatin Ankara."

A Ejura, mil sittin, muka ci doya da miyar kontomire, wato ganyen gwaza.

ATEBUBU ZUWA YEJI

Taya ta fashe bayan Atebubu, ta cinye mana awa biyu. Muna hango kogi agogona ya nuna shida da minti goma. Na sauka da gudu, hawaye a idona, sai ga jirgi a ɗaure, mai fito yana wanke ƙafa.

Ya kama hannuna ya duba. "Malam, agogonka na bara ne. Yau aka mai da rabin awa baya. Shiga, saura minti ashirin."

Baba Seidu ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

SALAGA

Muka kwana Makango a ƙetaren kogi, na isa da sassafe. Aka sa wa yaro Abdulkarimu. Na ba Hadiza labari, ta rufe baki da mayafi.

"Rabin awa ya sa ka kuka? Ni wata uku nake jiranka, ba agogo."

GIDA

Bayan kwana uku na sauka Kumasi, ƙarfe huɗu na yamma. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da surukaina da suka yi ta ɗura mini fura. Saura kwana talatin ta gama wanka in je in ɗauko su.