Ƙande Mai Ƙuli da Dawowar Illo

A zamanin da kwamandan Faransa ke zaune a Magaria, duk mai cin kasuwar Bande ya san Ƙande mai ƙuli-ƙuli. Gajeriyar mace ce mai saurin fushi, hannunta ba ya rabo da ƙanshin man gyaɗa. Mijinta Sambo ya rasu ya bar ta da 'ya'ya manya, ba ta kuma sake waiwayar aure ba.

Babu mai ƙona mata rai kamar Dauda, ɗan ƙanwarta, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram har ya zama mai karantar da yara. In ya zo hutu sai ya zauna gindin tsamiya da littattafan soyayya na Faransanci, yana juya wa matan gidan da Hausa suna ɓarar gyaɗa. Labarin kusan ɗaya ne kullum: masoya sun rabu, shekaru sun shuɗe, sun haɗu, sun faɗa jikin juna suna kuka.

"Kai Dauda, wannan ƙarya har ina?" in ji Ƙande. "Duk shekarun nan ba wanda haƙorinsa ya zube? Ba ta tambaye shi gidan uban wa ya shiga ba?"

"Inna, so ne. So ba ya tsufa."

"Wanda ya rubuta bai taɓa jiran kowa ba."

Matan suka sunkuyar da kai, don sun san dalili. Ƙande tana budurwa akwai saurayinta Illo, har an kai gaisuwa gidansu. Da aka zo ɗibar samari soja, ya tsallaka iyaka ya nufi Kano ko sallama bai yi mata ba. Ta jira har ta gaji, sannan ta auri Sambo da kanta, ta kuma ji daɗin zama da shi.

Wata kaka sai ga wani tsoho da jaki da huhun goro yana sallama a ƙofar gidan. Ƙande ta fito ta ce ba ta sayen goro.

"Ni ne Illo," ya ce.

Ta dube shi sama da ƙasa. Kai ya yi sanƙo, baya ya ranƙwafa, kunne ɗaya ba ya ji. Ya fara zuba, wai ko a Kano ko a Gwanja bai taɓa manta wushiryarta ba.

"Fadi ce mai wushirya, ƙanwata," ta ce da ƙarfi don ya ji. "Ko fuskata ba ka riƙe ba, munafuki!"

Ta shige ta bar shi tsaye. Amma gari ya riga ya ɗauka. Mata a rijiya suna ta guɗa a bayanta, Dauda kuwa ya hawo keke tun daga Magaria yana washe baki, wai ga littafi ya tabbata a gidansu. Ƙande ta bi shi da muciya har waje.

Illo bai koma ba. Ya kama ɗaki wajen ɗan'uwansa Mala, ya riƙa zama kusa da ita ranar kasuwa. Tsohon zance ya ƙi ci, don duk abin da ya tuno sai ta ce ba haka aka yi ba. Da ya gaji ya daina. Ya koma ɗauko mata gyaɗa a jakinsa daga Mallawa, tana faɗan ya zaɓo mai ƙwari. Da damina ta kusa, ya gyara mata rumbu, ta ce a karkace yake. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ita ta dama kunu ta kai, ta tsaya a kansa tana masifa har ya shanye. A nan ne ya ce mata tsoro ne ya sa ya gudu, kunya kuma ta hana shi dawowa.

"To, yau ka yi magana," ta ce.

Sai da aka sake girbi sannan aka ɗaura aure, ba kiɗa ba taro, don ta hana. Dauda ya zo ya durƙusa.

"Inna, ashe masoyin fari..."

"Rufe mini baki. Wancan yaron da ya gudu, ko yau na gan shi sai na mare shi. Wannan tsohon kurman na aura, shi ma don yana jin faɗa bai ramawa."

Sun zauna tare har bayan da Faransawa suka tafi. Illo ya riga ta rasuwa, ita kuma ta ci gaba da soya ƙuli har idonta ya raunana, jikarta Tamu ta karɓi kaskon.