Madubin Bindigar Kawu Arzika

A bazarar farko bayan ƙasarmu ta samu mulkin kai, wata Juma'a da aka sauko daga masallaci, Kawu Arzika ya shimfiɗa tabarma a gindin gawon da ke bakin kasuwar Dumega, ya kwantar da bindiga a kai kamar mai kwantar da jariri, sannan ya warware wani tsumma ya fito da madubai biyu. Ina nan tsaye da ƙwaryar nono a ka, ko ludayi ɗaya ban sayar ba, don masu sayen duk sun yi dafifi a kansa. Madubin bindiga wani baƙin bututun ƙarfe ne mai gilashi gaba da baya, ana ɗaura shi a gadon bayan bindiga, in ka leƙa ciki sai abin da ke can nesa ya zo gabanka. Da yake ni ɗiyar ƙanwarsa ce, sai ya yafuto ni ya ce in leƙa, don jama'a su shaida yana da zumunci. Na kanga na farko a ido na juya wajen fadama, sai ga Wule, karsanata, tana kiwo. Har ƙudan da ke bakin idonta ina gani, ga wasu siraran zare biyu sun gitta juna daidai kafaɗarta. Na yi maza na miƙa masa kayansa.

Wule ita ce duk abin da na mallaka a duniya. A wajenmu makiyaya, ranar sunan yarinya ake nuna mata saniyarta, duk abin da saniyar ta haifa nata ne, da su za ta tafi ɗakin miji, da nononsu za ta riƙe kanta. Saniyar da kakata ta ba ni ciwon huhu ya kashe ta tun ina ƙarama, ta bar maraƙa guda ja mai farin goshi, shi ya sa muke kiranta Wule. Ni na raine ta. Ni ke kwance ta daga dangwali da safe, ni ke cire mata kaska, ni ke kakkaɓo mata 'ya'yan gawo da dogon kara in ciyawa ta ƙare. In mun zauna carafke da ƙawayena a bakin rijiya, sai ta zo ta bayana ta lashe mini ƙeya, ta ɓata mini wasa. A wannan bazara tana ɗauke da cikin fari, kullum da yamma sai na kara kunne a haƙarƙarinta, Inna tana yi mini dariya wai na fi uwar ɗa ɗoki.

Shi kuwa Kawu Arzika, yayan Inna ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Allah ya sani ban taɓa ganin mutum mai son a gan shi irinsa ba. Ya yi shekaru yana kuku a gidan wani Anasara a Dogon Dutsi. Da Anasaran zai koma ƙasarsu sai ya bar masa bindigar farauta, da madubai biyu, da ɗan kwalin harsashi, da wata tsohuwar malafa. Da waɗannan ya dawo gari yana taku ɗai-ɗai, ka ce shi ya kori Faransa da hannunsa. Mutumin da bai taɓa kashe abin da ya wuce zakaran miya ba, wai shi ne mahalbi! Amma akwai abin da ke cinsa a rai. Ana raɗe-raɗin ya dafa alade, wasu ma suna cewa ya ɗanɗana, har an gan shi a ƙofar 'yan mishan. In ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Wannan ɗan matsawar ita ta fi komai ƙona masa zuciya.

Abin da ya aikata daga baya, kada wani ya ce mini rashin sani ne, don da kunnena na ji shi yana bayani ranar nan, daidai yadda maigidansa ya koya masa. Madubi na farko zare biyu ne kawai da suka gitta, inda suka haɗu nan za ka aza a kan nama ka danna, shi ke nan. Na biyu yana da wasu 'yan gajerun layuka a jere ƙasa da mahaɗar, kamar matakan tsani. Harsashi in tafiya ta yi masa nisa sunkuyawa yake yi, kamar dutsen jifa, saboda haka kowane mataki na ƙasa na abin da ya fi nisa ne, in ka auna da shi bakin bindiga ɗagawa yake yi sama. Mai gicciye na kusa, mai tsani na nesa. Yaron da ya taɓa jifan kurciya ya gane wannan. Dajinmu kuwa sabara ce da geza cunkus, ba ka ganin dabba sai ta kusa taka ka, ko makaho ya san wanda ya dace a ɗaura.

Ana cikin haka Ladan, wani tsamurarren mutum da ba ya ganin taro ya wuce bai tsoma baki ba, ya leƙa na farkon, ya yamutsa fuska ya ce, "To, Arzika, naman da anka aza ma gicciyen Anasara kahin a halbe shi, shina halatta?" Wayyo, da ka ga fuskar Kawu! Daga ranar magana ta tashi. Manyan mutane masu furfura, ga shuka ta ƙarato, ga gonaki ba a gama sassabe ba, suka tare a gindin gawo suna musu a kan zare biyu. Wasu suka ce bisimilla ta wadatar, wasu suka ce sam. Babu wanda ya tambaya me za a halba, daga ina kuma. Kawu ya ga kasuwa ta buɗe masa. Juma'ar da ta zagayo ya ɗaga mai gicciyen sama, ya yi tir da shi, ya jefar a rairayi gaban kowa, ya ɗaura mai tsani. Wani shaƙiyyin saurayi ya leƙa ya ce ai shi ma wannan akwai gicciye a saman tsanin. Kawu bai ko ƙifta ido ba ya ce, "Tsani daga ƙasa aka hwara hawa nai. Ni da matakin ƙasa nika auno, gicciye ba shi taɓa namana." Aka ɗauki madalla, aka yi ta gyaɗa kai. Daga nan ya zama Malam Arzika, ya koma sahun gaba. Wanda ya jefar ɗin kuwa ni na tsince shi, muka mai da shi abin wasa muna kallon shaho da shi.

Gwaji ko ɗaya bai yi ba, wai yana tattalin harsashi. Bindiga dai kullum tana kafaɗa, da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa gaisuwar mutuwa, yana ba mutane labarin kurayen da zai kashe in damina ta faɗi.

Ba kura ce ta zo ba. Wata safiya da hantsi muna shayar da shanu a rijiyar bakin fadama, Baba yana jan wasaki, ni ina korar maruƙa daga komi, sai muka ji mata suna kururuwa. Wani mahaukacin kare ne ya fito daga sabara, yawu na dalala, wutsiya a matse, yana tafe yana layi. Shanu suka watse, Baba ya ɗauke ni cak ya aza a kan gungumen rijiya, ya rarumi sanda. Karen ya tsaya a fili yana haki, tsakaninsa da mu bai wuce a jefa masa hoge ba. Wule kuwa ciki ya yi mata nauyi, ba ta yi nisa ba, ta tsaya can bayansa tana kallona. Sai ga Kawu a guje, malafa na rawa, yana ihu kowa ya kauce. Baba ya ce masa ya dakata a kore karsanar, ina! Ga mata sun taru, ga Ladan ya iso, ranar da yake jira ce ta zo. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya yadda ya ga Anasara na yi, ya ɗaga murya ya yi bisimilla don na nesa ma su ji, ya aza matakin ƙasa a kan kare, ya danna.

Ƙarar ta toshe mini kunne. Da na buɗe ido, kare na nan da ƙafafunsa huɗu, ko gashinsa ba a taɓa ba, ya juya ya shige daji, sai da yamma samari suka cim masa da sanduna. Harsashin ya bi ta samansa. Wule ta durƙusa da ƙafafun gaba kamar za ta sha ruwa, jini na tsartuwa daga kafaɗarta, daidai inda na ga zaren nan ranar Juma'a. Na diro na ruga na rungume wuyanta, ta lashe mini hannu sau ɗaya. Baba ya zare wuƙa ya yanka ta, don kada ta mutu mushe. Inna ce ta ɓamɓare ni daga jikinta. Da aka feɗe ta aka tarar da maraƙa mace, ja, mai farin goshi.

Kafin azahar mutanen gindin gawo sun iso da akusansu, Ladan a gaba. Waɗanda suka yi makonni suna tantamar halascin naman da ba a ko halba ba, ranar babu wanda ya tambayi da wane madubi aka auna. Suka ci, suka suɗe hannu, suka ce ƙaddara ce. Kawu ya yi ta borin kunya, wai iskar rijiya ce ta karkatar da harsashi, dama an san akwai doguwa a wurin, har cinya aka ba shi don a kwantar masa da hankali. Ba a kai kawu ƙara, in ji manya. Sun ce tsuntsun da ya kira ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu ni ya doka. Naman nan ban sa shi a baki ba, kuma har Kawu ya koma ga Allah ban sake kiransa Malam ba.

Da kaka ta yi, gardi, wato dogaran gwamnati, suka zo ɗaukar yara zuwa lakwal, makarantar boko, kowane gida a ba da ɗaya. Iyaye suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu. A gidanmu ba a daɗe ana shawara ba, yarinyar da ba ta da saniyar da za ta bi ita aka bayar. Haka na tsinci kaina gaban malamin boko, da ɗan baƙin allo a cinya, ina zana shanu a gefensa ana dukana. Na yi karatu, na yi aikin koyarwa har na huta, masu son daɗin baki kan ce in gode wa Kawu, don ba domin harsashinsa ba da yanzu ina bin shanu. Ban gode ba. Wa ya tambaye ni ko bin shanun nake so?

Yanzu samari na nuna mini madubai iri-iri a wayoyinsu suna gardamar wanne ya fi, ni dai in ce su fara duba abin da ke bayan naman. Mai gicciyen nan yana cikin akwatina har yau, gilashinsa ya dushe. In na je Dumega nakan tsaya inda gawon yake a da, in kanga shi a ido in juya wajen fadama. Duk ta zama gonaki da lambuna, babu sabara, babu garke. Zaren biyu na nan sun gitta juna yadda na san su. Jar karsanar ce kawai babu.