Ƙarshen Fim ɗin da Baba Ya Hana Mu Gani

A shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, mu ma aka kwaso mu tare da kujerun ofis. Babana akawu ne a wata ma'aikata, aka ba shi ciki da falo a kwatas ɗin Nyanya. Mu biyu muka zo, ni da shi. Mahaifiyata mun baro ta a maƙabarta can Agege, ko shekara ba ta yi da rasuwa ba.

Cikin kayanmu akwai bidiyo da kaset ɗin wani fim na Turawa wanda ita ta fi kowa so. Labarin wani malamin makaranta ne da matarsa ta mutu, sai ya gano cewa in ya shiga taragon ƙarshe na wani tsohon jirgin ƙasa, zai sauka a zamanin da take budurwa, ba ta ma san shi ba. Duk zuwan da ya yi sai ya sake neman soyayyarta daga farko, ita kuwa ta yi ta ja masa aji. Har yau ban ga fim ɗin da ya kama ƙafarsa ba, kuma ba na jayayya da kowa a kan wannan.

Kan ka ce kwabo duk layinmu ya kamu. Ranar Asabar da rana falonmu ba masaka tsinke. Wasu ko Turancin ba su ji sosai, amma sun haddace wurin da ake kuka. Maƙwabciyarmu, wata Bagwariya mai sayar da doya, tun kafin jirgin ya iso take fara jan hanci.

Sai dai Baba yana da doka. Da zarar malamin ya sa ƙafa a tarago a zuwansa na ƙarshe, sai Baba ya miƙe ya kashe, ya mayar da zaren baya. A yi ta roƙo, ya ce kaset ɗin ya lalace daga nan. Kowa ya ƙaga wa fim ɗin nasa ƙarshen, ana ta musu a bakin famfo.

Wata Asabar motar fayiloli ta iso daga Legas, aka aiko kiran Baba ofis muna tsakiyar kallo. Da aka zo wurin da yake kashewa, mai doya ta ce kada wanda ya taɓa. Ashe kaset lafiyarsa ƙalau. Malamin bai sauko ba. Masu shara ne suka same shi a kujera, rai ya yi halinsa, fuskarsa da murmushi. A bakin tasha kuma ga 'yarsa ƙarama a tsaye, tana leƙa kowane tarago.

Kowa ya share hawaye ya ce kai, fim ya yi. Ni kuwa na gane abin da Baba yake ɓoye mini, kuma na kasa gaya masa na gani. Na shiga sa masa ido. In ya rage abinci sai in shiga damuwa. In ya daɗe a sujada sai in matso in ga ko bayansa na motsi.

Ana cikin haka ya ce zai je Legas ziyarar kabari. A lokacin ba wani abu ba ne, ran Juma'a rabin ma'aikata ke tsere wa garin nan su dawo Litinin. Ya bar ni hannun mai doya. A tashar Nyanya ya shiga doguwar mota, wurin da ya samu kuma kujerar can baya ce. Nan take na tuno taragon ƙarshe.

"Kai yarinya, me ya sa kana rawan jiki?" in ji mai doya da Hausarta ta Gwari. "Babanka zai dawo mana."

Ban yarda da ita ba. Abinci ya ƙi shiga. Duk motar da ta yi ham a titi sai na fita da gudu, in ga ba shi ba ne in dawo. Na roƙi Allah abin da ban taɓa roƙo ba, cewa ya sa mahaifiyata ta ƙyale mini shi.

Ran Litinin da la'asar ya shigo. Ya zauna a dokin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

"Ban gane kabarin ba," ya ce. "An cika wurin da sababbi. Na yi ta zagaye."

Sai ya rufe fuska da hularsa ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar jana'iza. Na kawo masa ruwa, na tsuguna ina kwance masa igiyar takalmi, ina ba shi haƙuri. Uwata ce aka rasa inda take kwance, amma Allah ya sani, a cikin raina daɗi nake ji. Ba shi da sauran wurin komawa, dole ya zauna da ni.